Shirun tsoho ba warkewa ba ne

Mun saba haɗuwa a nan kan zancen iri da taki, da zazzaɓin cizon sauro, da rigakafin yara. Yau ina so mu shiga can cikin gida, mu leƙa ɗakin nan da ke kusa da garken awaki. A wasu gidaje akwai tsoho ko tsohuwa a irin wannan ɗaki. Ana kai masa tuwo, ana kai masa ruwa, amma an daina kai masa magana.

Na san wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi. Ciwon taɓin hankali ya kama shi yana saurayi, bai daɗe da yin aure ba. A lokacin yana jin muryoyin da ba mai jin su sai shi. Yana cewa ana bin sa, ana son kashe shi. Yakan bar gida tsakar dare ya nufi daji. An kai shi wurin malamai, an kai shi wurin bokaye, har an taɓa sa shi a turu. Daga baya aka kai shi asibiti, ya samu magani, ya dawo ya ci gaba da noman gonarsa. Matarsa ce ta san hannunsa. Ita ke ba shi magani, ita ke hira da shi da dare, ita ke gane nufinsa ko da zancensa ya karkace.

Shekara uku ke nan da ta rasu. Yanzu ya wuce shekara 60. Ba ya faɗa, ba ya ihu, ba ya guduwa. Yana zaune wuri ɗaya tun safe har yamma. In ka ce masa, “Baba, ina kwana?” sai ya daɗe kafin ya ce, “Lafiya.” Daga nan ba ƙari. Da na tambayi babban ɗansa, sai ya ce mini, “Ai Baba ya warke, tunda ba ya damun kowa. Mun ma daina sayen magani.” Da daminar bana ƙafar tsohon ta kumbura. Ƙaya ce ta soke shi, wurin ya yi ruwa. Ya yi kwanaki da ciwon bai faɗa wa kowa ba, sai da wari ya tona asiri.

Ga ra'ayina a fili. Wannan tsoho bai warke ba. Ciwon ne ya sake kama, ya bar ihu ya koma shiru. Mu kuma muka ji daɗin shirun, muka janye. Ciwo ya ɗauke rabin maganarsa, mutanen gida suka ɗauke sauran rabin. Rabin da ke hannunmu muna iya mayar masa, kuma wajibi ne mu mayar.

Wane ciwo ne wannan?

Abin da muke kira taɓin hankali iri-iri ne, kamar yadda zazzaɓi yake iri-iri. Wanda muke zance a kansa yau, masana lafiya suna kiran sa sikizofireni. Wani lokotoro ɗan ƙasar Suwis mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1908. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke rikita tunani, da ji, da magana. Yawanci yana farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 30, kuma yakan riga kama maza kafin mata.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum kusan miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a duniya, wato mutum 1 cikin 300. In muka bi wannan lissafi, garin da ke da mutum 1.500 zai iya samun mutum 5. Ciwon bai san mai kuɗi ko talaka ba, bai san baƙi ko fari ba. Ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare ko ta zama wuri ɗaya. Hukumar ta kuma ce aƙalla mutum 1 cikin 3 na masu ciwon na iya warkewa sarai. Saura kuma da yawansu suna samun sauƙi in sun samu magani da kulawa.

Alamominsa kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu hayaniya: jin muryoyi, da zargin mutane ba dalili, da yarda da abin da babu shi. Waɗannan kowa yana ganin su, su ke sa a ruga neman magani. Kashi na biyu su ne masu shiru: ƙarancin magana, da mutuwar jiki, da rashin sha'awar komai, da gudun mutane, da wuyar riƙe abu a kai. Ga mutane da yawa, in shekaru suka ja, masu hayaniyar suna raguwa. Masu shirun kuwa suna nan, wani lokaci ma su ƙaru. Manomi ya san wannan. Fara in ta sauka, gari duka ke fita da ihu. Amma ƙwaron da ke cikin rumbu ba ya ƙara, sai ran da aka buɗe a tarar hatsi ya zama gari.

A kula, wannan ciwo daban yake da ruɗewar tsufa. Ruɗewar tsufa tana farawa ne bayan mutum ya manyanta, ya riƙa mantuwa har ya kasa gane ƴaƴansa. Mai sikizofireni kuwa yawanci ya daɗe da ciwonsa, ya san gidansa, ya san mutanensa. Wani tsohon yana iya haɗa su biyun. Ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe.

Yadda ciwon ke taɓa magana

Akwai hanyoyi huɗu da ya kamata mu sani.

Ta farko ita ce ƙarancin magana. Ka yi masa doguwar tambaya, ya amsa da “i” ko “a'a”. Ba ya fara zance da kansa. Wani lokaci yana cikin magana sai ya tsaya cik, kamar igiyar guga ta tsinke a rijiya. Mutane su ce girman kai ne, ko fushi yake. Alhali kalmomin ne ke yi masa nauyin fitowa.

Ta biyu ita ce warwatsewar magana. Wannan yana magana da yawa, amma zancen ba ya bin hanya. Ka tambaye shi ko ya ci abinci, ya fara da tuwo, ya faɗa zancen kasuwar Jibiya, ya ƙare da wani raƙumi da ya gani yana yaro. A kansa akwai zaren da ya haɗa su, mu ne ba mu gan shi ba. Yara su yi dariya, manya su tashi su ba shi wuri.

Ta uku ita ce daskarewar fuska da murya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wannan ciwo yana hana fuska ba da labari. A yi masa albishir da haihuwar jika, fuskarsa ba ta motsa ba. A faɗa masa rasuwar aboki, muryarsa ba ta sauya ba. Sai a ce ba shi da zuciya. Amma masana sun gano cewa masu wannan ciwo suna jin daɗi, suna jin zafi a ransu, nunawar ce ta gagara.

Ta huɗu ita ce wuyar gane zancen da aka lulluɓe. Mu Hausawa ba mu cika faɗin abu kai tsaye ba. Muna da karin magana, da habaici, da ba'a, da kunya. Suruka ba za ta ce wa surukinta ya yi wanka ba, sai dai ta ce, “Baba, ruwa ya yi zafi.” Mai lafiya ya gane nan take. Mai wannan ciwo yana iya ɗauka labarin ruwa kawai aka ba shi. Ka ce masa in gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, sai ya kai hannu ga gemunsa. Wasan jika da kaka ma, wanda muke yi don ƙauna, yana iya jin sa kamar zagi na gaske.

Bayan waɗannan, tsufa yana ƙara nasa. Kunne ya yi nauyi, ido ya dushe, haƙora sun zube. Wanda ba ya ji sosai, in ya ga ana motsa baki ana dariya, sai zargi ya dawo masa. Wasu magungunan ma suna busar da baki, ko su sa harshe nauyi.

Me rashin magana ke jawowa?

A ƙasarmu kusan komai da baki ake yin sa. Da baki ake gaisuwa, da shi ake ciniki, da shi ake neman aron garma ko jaki, da shi ake neman gayya. Darajar tsoho kuwa a bakinsa take. Shi ke ba da aure, shi ke raba gardama, shi ya san iyakar gona. Saboda haka tsohon da maganarsa ta lalace ya rasa kujerarsa a cikin jama'a.

A shekarar 2008 wasu masana biyu a Amurka, Bowie da Harvey, sun fitar da sakamakon binciken da suka yi kan tsofaffi masu wannan ciwo. Sun ga cewa masu ƙarancin magana su ne suka fi janyewa daga mutane, suka fi rasa abokai. Masu warwatsewar magana kuma su ne aka fi gani da halin da mutane ke ɗauka rashin ladabi ne. Abin da suka gani can shi muke gani a zaurukanmu. Mai shiru an manta da shi, mai surutu an guje shi.

Ku dubi yadda abin ke tafiya a yini ɗaya. Ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, sai ya wuni bai sha ruwa ba. Ba ya iya ciniki, sai a cuce shi a kasuwa, daga nan a hana shi riƙe ko dala. Ba ya amsa gaisuwa da sauri, sai masu wucewa su daina tsayawa. An daina kiran sa suna da ɗaurin aure. An raba gado, ko an jinginar da gonarsa, ba a tambaye shi ba. Ɗansa da ya tafi ci-rani Nijeriya ko Libiya ya bugo waya, an miƙa masa, ya yi shiru, ɗan ya ce a mayar wa wani. Tun daga ranar ba a sake ba shi wayar ba.

Mafi hatsari shi ne ciwon jiki. OMS ta ce masu wannan ciwo sun fi sauran mutane yiwuwar mutuwa da wuri har ninki 2 zuwa 3, kuma yawanci cututtukan jiki ne ke kashe su, kamar ciwon zuciya, da ciwon suga, da cututtukan da ake ɗauka. Ɗaya daga cikin dalilan a bayyane yake. Wanda ba ya cewa “nan ke yi mini ciwo” ba a kai shi asibiti da wuri. In ma an kai shi, sai a ɗora komai a kan taɓin hankali.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, “Malam, ai shi ne ba ya son magana. Me ya sa za mu takura masa?” Gaskiya ne ba a so a takura masa. Taro mai yawa da hayaniya suna gajiyar da shi. Amma tsakanin takurawa da watsarwa akwai fili mai faɗi. Magana kamar hanyar gona ce, in an daina bin ta sai ciyawa ta rufe ta. Tsohon da ya yi wata ba wanda ya zauna kusa da shi, maganar da ta rage masa ma za ta tafi.

Wata za ta ce, “Ni kaɗai ce. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga yara. Yaushe zan zauna hira da wanda ba ya amsawa?” Wannan kuka ne na gaskiya, kuma ba na ganin laifinta. A yawancin gidaje an jibga wa mace ɗaya wannan kaya, ko mata, ko ɗiya, ko suruka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Laifin yana kan ƴaƴa maza da ƴan uwa da suke ganin in sun auna hatsi sun gama nasu. Kuma abin da ya faru da dattijon da na ba ku labari darasi ne. Mutum ɗaya ce ta san hannunsa, da ta tafi sai ƙofa ta rufe. Ya kamata a kowane gida a samu mutum biyu ko uku da suka san maganinsa, suka saba da zancensa.

Wani kuma zai ce, “Wannan aikin iska ne ko sammu, sai addu'a.” Ba wanda ya hana addu'a, kuma tana kwantar da zuciyar marar lafiya da ta masu jinya. Amma in maciji ya sari mutum muna addu'a muna kuma gudu asibiti. Haka ya kamata mu yi a nan. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne duka, da mari, da turu, da hana abinci. Ba su taɓa warkar da kowa ba. Tsoro suke ƙarawa, mai tsoro kuwa bakinsa ƙara rufewa yake.

Yadda za mu yi magana da shi

Wannan ba ya bukatar kuɗi. Ga abin da masu kula da irin waɗannan marasa lafiya suke ba da shawara.

1. Ka zo ta gabansa, ka zauna ko ka durƙusa yadda zai ga fuskarka. Ka kira shi da sunan girmamawa da ya saba: Baba, Kawu, Inna, Gwaggo, Kaka.

2. A kashe rediyo, a rage hayaniyar yara. Mutum ɗaya ya yi magana, ba uku a lokaci guda ba.

3. Magana ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ka ce, “Baba, tashi ka yi wanka ka sa riga ka sha magani mu tafi.” Ka ce, “Baba, ga ruwan wanka.” In ya gama, sannan ka kawo ta gaba.

4. Ka jira amsa. Ka ƙirga ɗaya zuwa goma a zuciyarka kafin ka maimaita. Kada ka amsa masa tambayar da aka yi masa.

5. Ka sauƙaƙa tambaya. Maimakon “Me kike so?” ka ce, “Inna, fura ko kunu?” In da hali ka nuna mata su ta zaɓa.

6. Ka faɗi abu kai tsaye cikin ladabi. A ajiye habaici da karin magana.

7. In zancensa ya warwatse, kada ka yi dariya, kada ka katse shi da tsawa. Ka kamo kalma ɗaya ka dawo da shi: “Kawu, ka ce tuwo. Ka ci tuwon?”

8. In ya ce yana jin muryoyi, kada ka yi gardama, kada kuma ka ce kai ma ka ji. Ka ce, “Ni ban ji ba, Baba, amma na ga abin ya dame ka. Ina nan tare da kai.”

9. Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Yana ji, kuma yana riƙewa.

Tun shekarun 1960 da 1970 masana a Ingila suka lura da wani abu. Marar lafiyar da ya koma gidan da ake yawan kushe shi da yi masa faɗa, ciwonsa ya fi saurin tashi. Wanda ya koma gidan da ake bi da shi a hankali ya fi daɗewa lafiya. An sake gwada wannan a ƙasashe da dama, aka samu haka. Ashe shimfiɗar fuska da muke cewa ta fi ta tabarma, ita ma magani ce.

A ba shi aikin da zai iya

Tausayin da ke cewa “zauna, kada ka taɓa komai” yana kashe mutum a zaune. Hannun da ya yi shekara 40 yana aiki bai manta ba, ko da baki ya gaza. Tsoho yana iya ɓarar gyaɗa, da tufkar igiya, da saƙar zana, da zuba wa tumaki harawa. Tsohuwa tana iya tsinkar zogale, da tsintar wake, da saƙar faifai. A ba shi aiki ɗaya, a lokaci ɗaya kowace rana, don sabo yana taimaka masa. In ya gama a ce, “Sannu da aiki, Baba.” In bai yi daidai ba, a gyara ba tare da gori ba.

Aiki yana jawo magana. Zama fuska da fuska ana tambaya yana yi masa nauyi, amma in kuna ɓarar gyaɗa tare, sai ka ji ya ce, “Ta bana ba ta yi ƙwaya ba.” To, hira ta fara ke nan. A riƙa tafiya da shi masallaci, a zaunar da shi a gefen zaure, a kai shi gona ko da inuwa zai zauna. In ɗansa ya bugo waya, a taimaka masa: “Baba, ɗanka ne, yana gaishe ka.” Shi kuma ɗan ya yi haƙuri da shirun, ya ba da labarinsa ko ba a amsa ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Afirka. A shekarar 1954 lokotoro Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta a Nijeriya. Marasa lafiya suna zaune cikin ƙauyuka tare da ɗan uwan da ya rako su, suna cuɗanya da mutane, suna zuwa asibiti karɓar magani. Duniya ta yaba da wannan tsari, don ya nuna cewa zama cikin jama'a yana cikin magani.

Zancen magani da asibiti

Maganin farko mai aiki a kan wannan ciwo, wato kuloropuromazin, an fara amfani da shi a birnin Paris na Faransa a shekarar 1952. An samo haloperidol a Beljiyam a 1958. Har yanzu ana amfani da su, kuma an samu wasu sababbi. Akwai na haɗiya kullum, akwai allurar da ake yi kamar sau ɗaya a wata. Sun fi ƙarfi a kan muryoyi da zargi. A kan shiru da mutuwar jiki kuwa ƙarfinsu kaɗan ne, shi ya sa aikin mutanen gida yake da girma.

Kada a tsayar da magani don mutum ya natsu. Sau da yawa maganin ne ya natsar da shi, in an bari ciwon yana iya dawowa bayan makonni ko watanni. Kada kuma a ƙara masa don a samu ya yi barci. Jikin tsoho ba ya ɗaukar abin da jikin saurayi ke ɗauka, yawanci kaɗan yake bukata. Lokotoro ko ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai rage ko ya ƙara. Kada a sayi ƙwaya a hannun masu talla a kasuwa.

A koma asibiti in an ga rawar hannu, ko sandarewar jiki, ko dalalar miyau, ko baki da harshe suna motsi da kansu, ko jiri da yawan faɗuwa, ko barci fiye da kima. Waɗannan suna iya zama daga magani ne, kuma ana iya gyarawa. A lura da bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu, kuma waɗannan magunguna suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi. A zaunar da shi a inuwa, a riƙa miƙa masa ruwa ko bai roƙa ba. In azumi ya zo, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya da ta malami tun kafin a fara.

Ga wata alama ta gaggawa. In tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, bai san inda yake ba, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya daina ci da sha, kada a ce tsohon ciwonsa ne. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara. A kai shi asibiti a ranar. Haka kuma in ya ce muryoyi suna umurtar sa ya cuci kansa ko wani.

Sau ɗaya a mako a duba jikinsa: ƙafafu, da baki, da fata, da ko yana ramewa. In an je asibiti a roƙa a auna masa hawan jini da suga, a duba kunne da ido. Wanda ya fi sanin sa ya raka shi, ya tafi da kwalin magani. Amma a bar tsohon ya fara amsawa da bakinsa, ɗan rakiya ya cika. Asibitin da ke kusa, wato CSI, shi ne ƙofar farko. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai sashen masu taɓin hankali, wanda aka fi sani da Pavillon E.

Kira ga kowa

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka yawancin zancen lafiya na yara ne da mata masu ciki, kuma hakan daidai ne. Amma kada tsofaffi su faɗi ta bayan amalanke ba wanda ya waiwaya. A shekarar 2008 OMS ta fito da wani shiri na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane ciwon ƙwaƙwalwa su kula da shi, don lokotoron wannan fanni ba su da yawa. Muna roƙon hukumomin lafiya su ƙarfafa wannan horo, su kuma sa maganin ya samu kusa. Talakan da ke bayan Dakwaro ko Tanut ba zai iya zuwa Yamai kowane wata ba.

Masu gari da limamai, ku sa ido a kan haƙƙin waɗannan bayin Allah. Kada a sayar da gonar mutum ko dabbarsa don ba ya iya gardama. Ku hana yara jifa da waƙar tsokana. Ƴan uwana ɗaliban yaƙi da jahilci, ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta wa mutanen gida wannan shafi. Ku rubuta sunan maganin tsohonku da ranar komawa asibiti a takarda, ku ajiye inda kowa ya sani.

Dattijon nan na ƙasar Maraɗi an yi masa maganin ƙafa, an kuma mayar da shi kan maganinsa. Wata jikarsa ce yanzu take zama kusa da shi bayan la'asar, suna tufkar igiyar ɗaure awaki. Bai zama mai surutu ba, kuma mai yiwuwa ba zai zama ba. Amma ran nan da na je, na ce, “Baba, ina wuni?” Ya daɗe, sannan ya ce, “Lafiya lau. Ina mutanen gida?” Shekara uku rabon da in ji ya tambayi wani abu.

In akwai irin wannan tsoho a gidanku ko a maƙwabta, yau da yamma ku je ku gaishe shi. Ku zauna, ku jira amsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.